Kan doki da wuyansa: abin da ya kamata mahayi ya sani kafin ya kama linzami

Jama'a, duk wanda ya san bakin teku a Legas ya san yaranmu da ke yawo da dawaki suna ɗaukar masu yawon shaƙatawa. Haka a filin folo na Ikoyi da na Ibadan, da bikin Ojude Oba da ake yi a Ijebu-Ode kwana uku da Babbar Sallah, za ka tarar da 'yan Arewa da yawa cikin masu kula da dawakin. Ni ma a barga na tashi, kuma na taɓa lalata bakin wata goɗiya da hannuna saboda jahilci. Ina ta fizgar ta ina cewa taurin baki ne da ita, ashe haƙori ne ke yankar kumatunta. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta wannan bayani.

Baki da haƙora

Ingarma balagagge yakan sami haƙora 40, goɗiya kuma 36, domin ita galibi ba ta da fiƙoƙi. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili wanda ba haƙori, dasashi ne kawai a kan ƙashi. Nan linzami ke zama. Fatar wurin siririya ce, to duk fizgar da ka yi, kusan ƙashi kake bugawa da ƙarfe. Linzaminmu na gargajiya mai zobe ya fi tsanani, don yana danna ganda ta sama, yana kuma matse haɓa ta ƙasa. Da shi ake zamiya a hawan Sallah, amma hannun gwani yake so.

Turamen doki ba sa daina fitowa, suna ƙaruwa da kamar milimita 2 zuwa 3 a shekara, tauna tana cinye su. Da yake muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, gefen haƙoran kan yi kaifi ya yanki kumatu ko harshe. In ka ga doki yana zubar da harawar da ya tauna, ko yana kaɗa kai da an sa masa linzami, a kira likitan dabbobi ya goge masa haƙora.

Hanci

Doki ba ya numfashi ta baki, ta hanci kaɗai yake yi. Ƙashin hancinsa kuma yana sirancewa ta ƙasa, ya ƙare da guringuntsi. Idan igiyar ragama ta sauko ƙasa sosai, ko aka ɗaure ta tamau, an rage masa iska ke nan. A zafin nan da gumin Kudu, wallahi wannan ba ƙaramin zalunci ba ne. Ka tabbata yatsunka biyu suna shiga tsakanin igiyar da hancin.

Ido da kunne

Idanun doki a gefe suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, sai wurare biyu: daf da goshinsa da kuma bayan wutsiyarsa. Don haka yake buƙatar ɗaga kai ko sunkuyar da shi kafin ya auna rami ko kwalbati. Ka ƙulle masa kai, ka hana shi ganin hanya. Kunnuwansa kuwa kowanne yana juyawa shi kaɗai. In ya kwantar da su baya sun manne, fushi ne ko ciwo, ka yi hattara da cizo.

Wuya

Ƙasusuwan wuyan doki 7 ne, daidai da na mutum da na raƙumin dawa. Mutane kan ɗauka a ƙarƙashin geza suke, alhali daga ƙeya gangarowa suke yi, su shige can ƙasa tsakanin kafaɗu. Abin da ke bin layin geza wata babbar jijiya ce mai talewa, daga ƙeya zuwa tudun kafaɗa inda gaban sirdi ke zama. Ita ke riƙe nauyin kai. Idan doki ya miƙa wuya gaba, jijiyar tana taimaka wa bayansa ya ɗago ya ɗauki mahayi. In ka tilasta masa ɗaga kai sama kullum, bayan zai lotsa, ciwon baya ya biyo.

Kai da wuya sun kai wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin doki, da su yake daidaita kansa a sukuwa ko in ya yi tuntuɓe. A yashi ko kwalta mai santsi, sassauta masa ka bari ya ceci kansa, ya cece ka.

Dokin nan shi ne jarin wasunmu, kuma amana ne. Kafin ka ɗaura sirdi gobe, buɗe bakinsa ka duba.