Ɗakin Ka'aba: Gini Yana Sauyawa, Alƙibla Tana Nan

Ya 'yan'uwa, Ka'abar da muke fuskanta an sha sake gina ta. Ƙuraishawa sun gina ta Annabi (SAW) yana ɗan shekara 35, suka bar Hijru Isma'il a waje saboda ƙarancin dukiyar halal. Abdullahi ɗan Zubair ya shigar da shi ciki, Hajjaju ya fitar da shi a shekara ta 74 bayan Hijira. Ambaliyar 1039 ta rushe bangayenta, Sarki Murad na Huɗu ya sa aka sake gini.

Duk da haka alƙibla ba ta taɓa gusawa ba, domin malamai sun ce gurbin ake fuskanta, ko da babu duwatsun. Haka mutum yake: jikinsa yana sauyawa har tsufa, amma shi ɗin ne za a yi wa hisabi kan aikin ƙuruciyarsa.

Allah Ya sa mu dace.