Mamman Shata: Mawaƙin da Bai Gaji Kiɗa Ba

A ƙasar Hausa ta dā, kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi shi ke yin kiɗa, kuma galibi yana da ubangida guda, sarki ko hakimi, wanda zai yi wa waƙa har mutuwa. Alhaji Mamman Shata ya rushe wannan tsari.

An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, ba maroƙi ba ne, kuma bai so ɗansa ya kama waƙa ba, domin a ganinsa zubar da mutuncin gida ne. Shata ya taɓa tallan goro da alewa, amma a dandali ya sami kansa. Daga nan ya zauna Bakori da Funtuwa da Kano, da 'yan kalangunsa a bayansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda ya yi wa waƙa. Ya yabi Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya kuma yi wa direban mota da ɗan kasuwa da manomi. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. A ƙasashen Turai, irin su Faransa, mawaƙin babban zaure sai ya yi shekaru a makaranta yana bin waƙar da wani ya rubuta. Shata kuwa ba ya rubutawa. A tsaye yake ƙaga waƙa, 'yan amshi su karɓa. Shi ya sa "Bakandamiya" ba ta fita iri ɗaya sau biyu.

Ba duk waƙoƙinsa malamanmu suka yarda mu saurara ba, musamman ta shan ruwa, kuma ban ga laifinsu ba. Duk da haka Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dakta a 1988.

Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Yawancinmu muna firamare a lokacin. A kaset ɗin iyayenmu muka san shi, da kuma motocin da ke sauke hatsi a kasuwar Dawanau. Kaset kuwa zafi da ƙura na cinye shi. Duk ɗan'uwan da ke da irinsu a gida, ina roƙon ya kawo wa ƙungiya a taro na gaba, mu juye su a kwamfuta.