Tarihin Gundumomin Jihar Jojiya da Yadda Aka Haɗa Su Birni-Birni

Ina so a wannan fitowa ta mujallarmu in ɗan kai mu ƙasar Amurka, mu leƙa wata jiha da ake kira Jojiya. Abin da ya ja hankalina gare ta shi ne wata tambaya da mu ma'aikatan gwamnati muke cin karo da ita duk sa'ad da aka zo maganar ƙidaya ko rabon kuɗi, wato a ina ne birni ya ƙare, karkara ta fara? Mu dai mun ga yadda Kano ta cika ta tumbatsa har ta shiga Ungogo da Kumbotso. To, Amurkawa sun fi shekara 100 suna kokawa da wannan tambaya, kuma Jojiya tana cikin wuraren da amsarta ta fi tā da ƙura.

Da farko dai, kusan kowace jiha a Amurka an rarraba ta gunduma-gunduma, kowace da kotunta da shugaban 'yan sandanta da ofishin harajinta, kusan dai kamar ƙananan hukumominmu. Jojiya ta soma da gundumomi 8 a tsarin mulkinta na 1777, aka yi ta yanka ana ƙarawa har suka kai 161 a 1924. A 1932, da tattalin arziki ya karye, gundumomin Milton da Campbell suka rasa abin riƙe kansu, aka haɗe su da Fulton, wadda birnin Atlanta yake cikinta. Saura 159 ke nan, kuma haka suke har yau. Ban da Teksas mai 254, ba jihar da ta fi ta yawan gundumomi. Mutanen jihar sukan ce an ƙanƙanta su ne domin manomi ya hau alfadarinsa ya je kotu ya komo gida kafin rana ta faɗi. Labarin da daɗin ji, amma ni a ganina siyasa ta fi alfadari hannu a ciki, ga kuma dalilina.

A 1917 majalisar jihar ta kafa wata doka a kan zaɓen fid da gwani, wadda ta ce ba yawan ƙuri'un jama'a za a duba ba, gundumomi za a ƙirga. Aka kasa su kashi uku bisa yawan mutanensu. Bayan da gundumomin suka zama 159, manya 8 kowace tana da ƙuri'a 6, masu bi musu guda 30 kowace tana da 4, sauran 121 kuma kowace tana da 2. Jimla 410 ke nan. Ɗan takarar da ya zo na ɗaya a gunduma, ko da ratar mutum guda ce, shi zai kwashe ƙuri'unta duka. Da yake kuwa a wancan zamani jam'iyyar Dimokurat ce kaɗai ke cin zaɓe a jihar, wanda ya ci fid da gwani ya riga ya zama gwamna. Duk wanda bai manta da lissafin aji ɗaya ba zai ga cewa ƙananan nan 121 suna da ƙuri'a 242, fiye da rabi, saboda haka mutum yana iya hawa kujerar gwamna ba tare da ya taka Atlanta neman ƙuri'a ba.

Hakan kuwa ya faru. A 1946 James Carmichael ya ɗara Eugene Talmadge da ƙuri'un jama'a wajen 16,000, amma Talmadge ya sami ƙuri'un gundumomi 242, shi kuwa Carmichael 146, aka ba Talmadge. A ƙidayar 1960 Fulton tana da mutum 556,326 da ƙuri'a 6, gundumar Echols can kudu tana da mutum 1,876 da ƙuri'a 2, wato ƙuri'ar mutum ɗaya a Echols daidai take da ta mutum 99 a Fulton. Kada kuma a manta, a birane ne baƙar fata suka fi samun damar yin rajistar zaɓe, saboda haka wannan tsari ya danne muryarsu ƙwarai. Wani mazaunin Fulton, James Sanders, ya kai ƙara, kotun tarayya ta soke tsarin a 1962, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Maris na 1963, inda mai shari'a William Douglas ya kafa ƙa'idar nan ta mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya.

Wannan kashi na 'yan siyasa ne. Akwai kuma wani kashi dabam na ma'aikatan ƙidaya, wanda aka yi shi ba hayaniya a ofisoshin Washinton, shi ne kuma ya wanzu har yau.

Tun a ƙidayar 1910 hukumar ƙidaya ta lura cewa iyakar birni ta kan takarda ba ta nuna girmansa na gaskiya, domin mutane suna kwana a waje suna wuni a ciki. Sai ta soma fitar da alƙaluman birane masu mutum 200,000 ko fiye tare da garuruwan da ke cikin mil 10 daga iyakarsu. Amma kowace ma'aikata ta ci gaba da shata nata layin, har ya zama alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ba sa haɗuwa da na hukumar ƙidaya. A 1949 ofishin kasafin kuɗi na shugaban ƙasa ya tsai da ma'auni guda. A yawancin ƙasar gunduma ce tubalin gini, ba a raba ta. Idan akwai birni mai mutum 50,000 ko fiye, gundumarsa ita ce cibiya, sa'an nan a duba maƙwabtanta a ga wadda yawancin mutanenta ba noma suke yi ba, kuma rayuwarta ta ɗamfaru da cibiyar. Yadda suka auna wannan ɗamfaruwa ya burge ni. Ban da ma'aikatan da ke zuwa aiki birni, har wayar tarho suka ƙirga: idan kowane mai tarho a gundumar yana buga waya cikin birni sau 4 ko fiye a wata, a matsakaici, to, gundumar ta birni ce. A ƙidayar 1960 ne aka soma tambayar kowane ma'aikaci inda yake aiki, daga nan zirga-zirgar aiki ta zama babban ma'auni.

A ƙidayar 1950 an sami irin waɗannan yankuna na birni da kewaye guda 168 a ƙasar. Na Atlanta gundumomi uku ne kacal, Fulton da DeKalb da Cobb, da mutum wajen 670,000, rabinsu a cikin birnin kansa. Zuwa 1960 an ƙara Clayton da Gwinnett. A 1973 suka zama 15, a 1983 suka zama 18, a 1993 suka zama 20, a 2003 suka zama 28, a 2013 kuma 29.

Abin mamaki shi ne birnin da ke tsakiya bai bi wannan girma ba. Ko da yake a 1952 an faɗaɗa iyakarsa har faɗinsa ya ninka sau uku, yawan mutanensa ya tsaya wajen 497,000 a 1970, ya sauko 394,000 a 1990, alhali yankin gaba ɗaya ya doshi miliyan uku. Ruwa ba ya tsami banza. An shimfiɗa manyan hanyoyin mota, musamman wadda ta kewaye birnin mai tsawon mil 64 da aka gama a 1969, sa'an nan da kotuna suka hana wariyar launin fata a makarantu, fararen fata da yawa suka kwashe iyalinsu suka koma gundumomin waje, suna shigowa aiki da safe suna fita da yamma. Gwinnett, wadda a 1950 gonaki ce mai mutum 32,000, a ƙidayar 2020 ta kai 957,000. A wannan ƙidayar birnin Atlanta yana da mutum 498,715, yankinsa kuwa ya haura miliyan 6, fiye da rabin mutanen jihar, waɗanda suka kai miliyan 10.7. Wato a cikin kowane mutum 12 da ake lissafawa a Atlanta, ɗaya ne kawai ke zaɓen magajin garin.

A nan ne gizo ke saƙar. Layin da ma'aikatan ƙidaya suka shata ba hukuma ba ce, ba shi da majalisa, ba ya karɓar haraji, kowace gunduma tana nan da ikonta. Da aka tashi kafa hukumar sufuri ta MARTA, Cobb ta ƙi shiga tun a 1965. A 1971, da aka nemi jama'a su amince da harajin kashi ɗaya cikin ɗari a kan saye da sayarwa, Fulton da DeKalb suka yarda, Clayton da Gwinnett suka ƙi, kuma masana tarihi da yawa sun nuna cewa gudun shigowar baƙar fata unguwanninsu yana cikin dalilan. Jirgin ƙasan ya soma aiki a 1979 a gundumomi biyu kawai. Clayton ta shiga a 2014, Gwinnett kuwa ta sāke ƙi a 1990 da 2019. Gundumar da ta shiga yankin Atlanta saboda mutanenta suna zuwa aiki can, ita ce kuma ta ƙi jirgin da zai kai su.

Sauran yankunan jihar ba su da wannan girma. Na Savannah, wanda ke bakin teku, gundumomi uku ne da mutum wajen 400,000. Da yake zirga-zirga ba ta san iyakar jiha ba, yankin Augusta ya haɗa da gundumar Aiken ta Karolina ta Kudu, na Columbus ya haɗa da Russell ta Alabama, gundumomin Jojiya uku kuma, Catoosa da Dade da Walker, ana lissafa su a yankin Chattanooga na jihar Tenesi. Ga kuma wani abu domin ma'abota ƙwallon ƙafa a cikinmu. Zinaren da Nijeriya ta ci a wasannin Olamfik na 1996, wanda kowa ke dangantawa da Atlanta, a garin Athens aka ci shi, kimanin mil 70 daga Atlanta, inda aka doke Barazil da ci 4 da 3, aka kuma doke Ajantina da ci 3 da 2. Athens kuwa yankin kanta gare ta.

A 2000 aka sabunta ma'aunin, aka fara aiki da shi a 2003. Gunduma tana shiga yanki idan kashi 25 cikin 100 na ma'aikatanta suna zuwa aiki cibiya, ko kuma kashi 25 na ayyukan da ke cikinta mutanen cibiya ke yinsu. Aka kuma ƙirƙiro ƙaramin mataki domin garuruwa masu mutum 10,000 zuwa ƙasa da 50,000.

Ofishin kasafin kuɗi ya sha nanata cewa domin alƙaluma kawai yake shata waɗannan layuka. Amma duk wanda ya taɓa zama a kan fayil ya san da zarar an shata layi, kuɗi zai bi shi. Shirin lafiyar tsofaffi na Medicare yana duba yankin da asibiti yake kafin ya tsai da abin da zai biya shi, ma'aikatar gidaje tana auna kuɗin haya da shi, akwai kuma tallafin raya birane da ke zuwa kai tsaye ga biranen da suke cibiyar yanki. Shi ya sa a watan Janairu na 2021, da wani kwamiti ya ba da shawarar a ɗaga ma'aunin daga 50,000 zuwa 100,000, tun da yawan jama'ar ƙasar ya ninka fiye da sau biyu daga 1950, sai aka yi ca a kansa. Yankuna 144 ne za su rasa matsayinsu, cikinsu har da Albany da Dalton da Rome da Valdosta na Jojiya. A kan lissafi dai kwamitin yana da hujja, amma magadan gari da 'yan majalisa na jam'iyyun biyu suka tsaya kai da fata, a watan Yuli na wannan shekara ofishin ya bar ma'aunin a 50,000, yadda yake tun 1949. A sabon jerin da aka fitar a 2023 yankin Atlanta ya ci gaba da zama gunduma 29, sai dai an cire Lamar ta kudu, an shigo da Lumpkin ta kan duwatsun arewa.