Jikokin Babikir Badri da Matan Ƙauye

A shekara ta 1979 aka yi taro a kan zaman mata a kwalejin Ahfad da ke Omdurman, birnin da yake fuskantar Khartum a hayin Kogin Nilu. Daga wannan taro ne aka kafa wata ƙungiya ta sa kai domin taimakon matan Sudan, musamman na ƙauyuka. Aka raɗa mata sunan Babikir Badri, mutumin da ya rasu tun 1954. Sai mai karatu ya san ko wane ne shi kafin ya gane dalili.

Babikir Badri sojan Mahadi ne a ƙuruciyarsa. Yana wurin a ranar Karari a 1898, sa'ad da bindigogin Ingila suka karkashe dubban mutane a arewacin Omdurman. Ya tsira, ya zauna a Rufa'a, a bakin reshen Nilu mai gangarowa daga Habasha. A gaɓar wannan kogi ne kuma, can kudu, Hausawa da Fulanin da suka bi Mai Wurno bayan yaƙin Burmi suka kafa garinsu. A 1907 Babikir ya buɗe makarantar 'yan mata da yara 17, tara na gidansa, takwas na maƙwabta. Turawan mulki sun daɗe suna jan ƙafa, gama suna tsoron fitina. A ƙarshe suka ce ya yi, amma da sunansa da kuɗinsa.

Ɗansa Yusuf Badri ya ɗora a kai. A 1966 ya buɗe kwalejin mata a Omdurman da ɗalibai 23. Ahfad kuwa da Larabci, watau jikoki. Kwalejin ta zama jami'a a 1995. Ta kafa wata ƙa'ida mai kyau ƙwarai: kowace ɗaliba, ko 'yar wane ce, sai ta fita ƙauye ta kwana a can, ta ga inda ake ɗibar ruwa da inda ake haihuwa. A kan wannan hanya ƙungiyar ta bi, da karatun manya, da sana'ar hannu, da koyar da kiwon lafiyar uwa da jariri.

Aikin da ya fi wuya shi ne na kaciyar mata. Irin wadda ta yaɗu a Sudan ita ce mafi muni, wadda ake yanka sa'an nan a ɗinke. Yarinya takan zubar da jini, wata ta mutu, wadda ta rayu kuma wahala tana jiranta ranar aure da ranar haihuwa. Turawa sun gwada hanya biyu. A 1921 Mabel Wolff ta buɗe makarantar ungozoma a Omdurman, tana koyar da matan da yawancinsu ba su iya karatu ba. A 1946 kuma aka yi doka. Ga shi kuwa, a Rufa'a ɗin nan, garin makarantar 'yan mata, aka kama wata mace saboda an yi wa 'yarta kaciya. Jama'a suka tashi, Mahmud Muhammad Taha yana gaba, suka haye kogi zuwa Hasahisa, sai da aka sake ta. Ba lalle dukansu suna son al'adar ba ne. Abin da suka ƙi shi ne baƙo ya shigo cikin gida ya kama uwa.

Matan ƙungiyar Babikir Badri ba baƙi ba ne, nan ƙarfinsu yake. 'Ya'yan ƙasa ne, sun san al'adar daga cikin gidajensu, sun kuma san kaka ce take yanke shawara, ungozoma kuma da wannan aiki take cin abinci. Saboda haka suka nemi zama da ungozomai da malaman addini da likitoci. A 1981 suka kira taro a Khartum a kan kawar da kaciyar, a 1984 kuma suka tara mata daga ƙasashen Afirka domin su faɗi abin da bakinsu. A lokacin, mace ta ambaci wannan magana a gaban maza ba ƙaramin abu ba ne.

Tafiyar ta yi nawa ƙwarai. Binciken da aka yi a 2014 ya nuna kusan kashi 87 cikin ɗari na matan Sudan masu shekara 15 zuwa 49 an yi musu kaciya. Sai a 2020 gwamnati ta sa hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara uku a kan mai yin ta, shekara 41 bayan taron Omdurman.

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin soja da rundunar RSF. Titunan Omdurman suka zama fagen fama, ɗalibai da malamai suka watse tare da sauran jama'a. A watan Disamba na shekarar yaƙin ya kai Rufa'a.