Ƙwayoyin tushe na hanji

Ƙwayoyin tushe na hanji wasu ƙwayoyin halitta ne da ke zaune a ƙasan ƙananan ramuka a bangon hanji. Aikinsu shi ne samar da sababbin ƙwayoyi da za su maye gurbin waɗanda suka tsufa suka zube. Saboda su ne tantanin da ya lulluɓe cikin ƙaramin hanji yake sabuntuwa kusan gaba ɗaya a cikin kwana 3 zuwa 5. An kira su da sunan tushe ne domin duk sauran ƙwayoyin tantanin daga gare su suke fitowa, kamar yadda rassa ke fitowa daga tushen itace.

Tsarin bangon hanji

Cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Yana cike da 'yan tsirai masu kama da yatsu, kamar gashin tawul, waɗanda ke ƙara faɗin wurin da ake tsotsar abinci. A tsakanin tsiran akwai ramuka masu zurfi da ake kira ramukan Lieberkühn, da sunan likitan nan ɗan ƙasar Jamus da ya bayyana su a shekarar 1745. Tantanin kansa layi ɗaya ne tak na ƙwayoyi, kuma shi ne ya raba jini da duk abin da mutum ya ci, mai tsabta da marar tsabta. Babban hanji yana da ramukan amma ba shi da tsiran.

Yadda sabuntawar take

A ƙasan kowane rami akwai ƙwayoyin tushe kaɗan. A jikin ɓera an ƙirga kusan 14. Suna rabuwa biyu kusan sau ɗaya a rana. Wasu daga cikin 'ya'yan suna zama a ƙasan ramin su ci gaba da zama tushe, wasu kuma ana tura su sama. Waɗanda aka tura suna sake rabuwa da sauri sau huɗu ko biyar, sannan kowace ta ɗauki sana'arta. Mafi yawa suna zama masu tsotsar abinci, wasu masu fitar da majina, wasu kuma masu sakin sinadaran da ke sanar da jiki halin da ciki yake. Daga nan sai su riƙa hawa jikin tsiro, sababbi na tura tsofaffi daga ƙasa, har su kai ƙololuwa su faɗa cikin hanji.

Ƙwayoyin Paneth su ne suka saɓa wa wannan tafiya. Su ƙasa suke komawa, su zauna a tsakanin ƙwayoyin tushe na tsawon makonni, suna fitar da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta tare da saƙonni irin su Wnt da ke sa maƙwabtan nasu su ci gaba da zama tushe. Ƙwayar da ta yi nisa da ƙasan rami ba ta samun wannan saƙo, don haka sai ta rikiɗe.

Tarihin bincike

A 1974 Hazel Cheng da Charles Leblond na Jami'ar McGill a Kanada suka bayyana wasu siraran ƙwayoyi a ƙasan ramukan, suka ce su ne asalin sauran. An shafe shekaru fiye da 30 kafin a tabbatar da hakan. A 2007 Nick Barker da Hans Clevers na Cibiyar Hubrecht a ƙasar Holan suka gano cewa ƙwayoyin suna ɗauke da wata alama mai suna Lgr5, suka bi sawun 'ya'yansu a jikin ɓeraye. A 2009 Toshiro Sato ya raini ƙwaya guda a ɗakin gwaji har ta zama ɗan ƙaramin hanji mai ramukansa.

Alaƙa da gudawa da kwalara

A arewacin Najeriya wannan ilimi ya fi shafar cututtukan gudawa. Ƙwayar cutar rota, wadda ta fi kama ƙananan yara, tana lalata ƙwayoyin da ke saman tsiran hanji, sai tsiran su gajarta, ruwa da abinci su wuce ba a tsotse su ba. Yaro yana samun sauƙi ne bayan ramukan sun turo sababbin ƙwayoyi sun balaga. Najeriya ta shigar da rigakafin wannan cuta, wanda ake ɗigawa a baki, cikin rigakafin yara na yau da kullum a watan Agusta na 2022.

Kwalara daban take. Ba ta rushe tantanin, sai dai dafinta yana sa ƙwayoyin su riƙa kwararar da ruwa da gishiri, kuma ƙwayar da dafin ya shiga ba ta komawa daidai har sai an maye gurbinta. Amma hanyar tsotsar sukari tare da gishiri tana nan tana aiki, shi ya sa ruwan gishiri da sukari yake riƙe ran marar lafiya na waɗannan kwanaki. A annobar 2021, wadda ta shafi jihohi da dama ciki har da Bauchi, Kano, Jigawa da Kebbi, an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu.

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke ba da shawarar a haɗa wa yaro mai gudawa ruwan ORS da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da ba shi nono da abinci. Hana shi abinci da nufin hanji ya huta kuskure ne, domin ƙwayoyin da ke rabuwa kullum suna buƙatar abin gina jiki, kuma yaro mai tamowa ya fi jinkirin farfaɗowa.

Cutar daji

Yawan rabuwa yana da nasa haɗarin. Idan ƙwayar gado mai suna APC ta lalace a cikin ƙwayar tushe, saƙon Wnt ba ya tsayawa, sai ƙwayoyi su taru su zama ƙari; mafi yawan dajin babban hanji ta nan yake farawa. Magungunan daji da gashin haske kuma suna kashe ƙwayoyi masu saurin rabuwa ba tare da bambancewa ba, wannan ne ya sa masu karɓar su sukan yi fama da gudawa.