Daga Madugu Zuwa Manhaja: Tarihin Sufurin Kaya da Abin da Ya Shafi Batsari da Safana

Ka taɓa tambayar kanka ta ina babur ko injin ban-ruwan da ake sayarwa a kasuwar Batsari ya biyo? Galibi ta teku ne, duk da cewa tsakanin Batsari da Legas akwai tafiyar sama da kilomita 1,000. Duk lokacin da hanyar kaya ta sauya, ƙwarewar da ake nema ma sauyawa take yi.

Kafin zuwan Turawa, Katsina babban zangon fatake ce. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu da jagaba da malami mai rubuta lissafi. Jarin madugu shi ne sanin hanya da rijiyoyi da sarakunan da za a biya kuɗin fito, sai kuma amana.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai kaya suka juya daga Sahara zuwa bakin teku. Gyaɗa da auduga da fatu suka koma hannun akawu mai sikeli da rasit, tauraron madugu ya dushe.

A 1956 wani Ba'amurke, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Lodin da ke cin kwanaki ya koma na awoyi, amma fa 'yan dako da yawa suka rasa abin yi. Shi ya sa a 1960 ƙungiyar ma'aikatan tashoshin yammacin Amurka ta amince a kawo injuna, bisa sharaɗin kamfanoni su zuba kuɗi a asusun tallafa wa ma'aikata.

Yanzu kuma zamanin manhaja ne. A Fabrairun 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta ɓullo da tsarin Eto don rage cunkoson Apapa: sai an yi wa tirela rajista ta intanet, an ba ta lokaci, kafin ta shiga tasha. A 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa, wato aikin fiton kaya ya matso cikin jihar Katsina.

To, ina matsalar take? A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda rashin tsaro, ciki har da Batsari da Safana. Ka ga ke nan, manhaja ba ta aiki inda babu sabis, kuma direban da bai iya ta ba sai ya biya ɗan tsakiya, kuɗin ya dawo kan farashin da kake saye.

Don haka idan ka ji ana yabon sabuwar fasahar sufuri, ka yi tambaya biyu: wa aka koya wa aiki da ita, kuma me aka tanadar wa ɗan dakon da ta ture?