Ɗan yatsan da ke cikin "wannan"

Idan dattijo a Garo ya karkace baki ya ce "wannan yaron", ba nuna maka inda yaron yake tsaye yake yi ba. Kowa na ganinsa. Hukunci ne ya yanke. Malaman nahawun Hausa suna kiran irin waɗannan kalmomi "nunau", amma aikinsu ya wuce nuni.

Helenancin da aka rubuta Sabon Alkawari da shi yana da nunau uku: "hutos" na kusa, "ekeinos" na nesa, sai "hode" wanda ya riga ya tsufa a lokacin. "Hode" bai fito fiye da sau 10 a Sabon Alkawari ba, 7 daga ciki a wasiƙun ikilisiyoyin nan na Wahayin Yahaya.

"Hutos" shi ne mai yaji. A Luka 15:30, wan ɗan nan da ya ɓarnatar da gadonsa ya ƙi ce masa ƙanena, ya jingina shi ga uban, ya liƙa masa "hutos". Bafarisiyen Luka 18:11 haka ya yi wa mai karɓar haraji. A nan Bahaushe ba ya bukatar sharhi. Duk wanda ya taɓa jin kishiya ta ce "ɗan naki ɗin nan" ya gane.

Inda gizo ke saƙar shi ne jinsi. "Hutos" na namiji ne, "haute" ta mace, "tuto" kuwa ba namiji ba mace. A Afisawa 2:8, wurin zancen ceto, an ambaci alheri da bangaskiya, dukansu mata ne a Helenanci, sai aka biyo su da "tuto", aka ce kyauta ce. Me yatsan ya nuna? Ni dai ina tare da masu cewa zancen ceton ne ɗungurungum, tunda "tuto" bai dace da jinsin ko ɗayansu ba.

A Kananci kuwa, "wannan" ɗinmu ba ruwansa da jinsi, sai an yi nisa ake samun wancan da waccan. Basakkwace yana da wanga da wagga, amma shi ma ba shi da jinsi na uku. Mu kuma muna da abin da Helenanci ya rasa: karin sauti kaɗai ke raba "nan" na wurina da "nan" na wurinka, sai dai boko ba ya rubuta shi.